An rubuta ƙarya a kan kamfaninmu a Wikipedia, mun goge an mayar: ina mafita?

Abu Hanifa, Idu, Abuja

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san yadda Wikipedia take aiki, da kuma masu ilimin shari'a, a kan wata matsala da ta hana mu sakat a wurin aiki kusan mako uku ke nan.

Ni jami'in hulɗa da jama'a ne a wani kamfani da ke sarrafa yogot da lemon kwalba a rukunin masana'antu na Idu. Ba zan ambaci sunansa ba tunda maganar ba ta ƙare ba. Kamfanin yana da muƙala a Wikipedia ta Turanci tun shekarun baya, ba mu muka rubuta ta ba, kuma ba mu taɓa kula da ita ba sai daren da wani babban dilanmu na Jos ya turo wa manajan kasuwancinmu hoton fuskar wayarsa ta WhatsApp da misalin ƙarfe goma, ya rubuta a ƙasa: "Alhaji, wannan fa gaskiya ne? Masu shaguna sun fara tambayata." Abin da ke cikin hoton sakin layi ne guda da ke cewa hukumar NAFDAC ta rufe masana'antarmu a 2023 saboda an samu gurɓataccen kaya, sannan wai EFCC ta tsare shugaban kamfanin a kan wani bashin banki.

Duka biyun ƙarya ce tsagwaronta. Abin da ya faru a shekarar shi ne, ɗakin sanyi na ɗaya daga cikin ma'ajiyoyinmu ya lalace, sai muka janye rukuni guda na yogot daga kasuwa bisa raɗin kanmu, muka sanar da dilalai, wata jarida kuma ta ba da labarin a taƙaice. Babu wanda ya zo ya garƙame mana ƙofa ko da na awa ɗaya, shugaban kamfanin kuma bai taɓa samun ko takardar gayyata daga EFCC ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, wanda ya yi rubutun ya liƙa wannan labari na jarida a ƙarshen jimlarsa a matsayin madogara, alhali babu kalmar rufewa ko tsarewa a cikinsa daga farko har ƙarshe.

Washegari da sassafe na buɗe asusu da sunan kamfanin na goge sakin layin gaba ɗaya. Ban gama shan shayi ba aka mayar da shi. Na sake gogewa, aka sake mayarwa, muka yi ta yi har sau biyar kafin azahar, daga nan sai na tarar an toshe asusun, an kuma bar min dogon saƙo da ban fahimci rabinsa ba. Bayan kwana biyu wani ya aiko mana da imel yana cewa shi babban edita ne a Wikipedia, zai share maganar ya kuma tsare muƙalar har shekara guda idan muka biya shi da dala. Shi kuwa shugaban kamfanin ya ce a kira lauya a maka Wikipedia ɗin a kotu, a kuma kai ƙara wurin 'yan sanda a nemo wanda ya yi rubutun, domin yana zargin wani tsohon ma'aikaci da aka sallama bara.

Yanzu duk wanda ya rubuta sunanmu a Google yana iya faɗawa kan wannan magana, kuma muna tsakiyar neman kwangilar kai kaya wasu manyan kantuna. Mene ne ya kamata mu yi, kuma da wanne za mu fara?

Ɗan Tudun Jos

Wa alaikumus salam, Malam Abu Hanifa. Allah ya kawo mafita. Na shafe shekaru ina gyara a Wikipedia ta Hausa da ta Turanci a matsayin ɗan sa-kai, don haka bari in fara nuna maka abin da idon wanda ya mayar da rubutun ya gani, domin ka san cewa da wuya a ce haɗa baki ya yi da masu yi muku zagon ƙasa.

Wikipedia ba ta da wani edita mai albashi da ke zaune yana tantance muƙaloli. Gidauniyar Wikimedia da ke San Francisco a Amurka ita ce ke riƙe da na'urori da sunan shafin, amma rubutu da gyara aikin 'yan sa-kai ne da ke warwatse a duniya, kuma a cikinsu akwai waɗanda aikinsu shi ne sintiri a kan sababbin sauye-sauye minti bayan minti. Abin da mai sintirin ya gani a ranar shi ne sabon asusu mai ɗauke da sunan kamfani ya cire sakin layi sukutum wanda ke da madogarar jarida a ƙarshensa, bai kuma rubuta ko kalma ɗaya a akwatin da ake bayyana dalilin gyara ba. Wannan ita ce siffar da suka saba gani daga kamfanonin da ke son binne labarin da bai yi musu daɗi ba. Tun a 2007, lokacin da wata manhaja mai suna WikiScanner ta fallasa yadda ake gyara muƙaloli daga kwamfutocin manyan kamfanoni da ofisoshin gwamnati, kan mage ya waye, kuma da wuya mai sintiri ya tsaya buɗe madogara ya karanta kafin ya mayar.

Ba tare da ka sani ba ka taka ƙa'idoji uku a rana ɗaya. Ba a yarda asusu ya ɗauki sunan kamfani zalla ba, domin kowane asusu na mutum ɗaya ne. Ba a yarda mutum ya warware gyaran wasu fiye da sau uku a muƙala ɗaya cikin awa 24 ba. Sannan tun watan Yunin 2014 sharuɗɗan amfani da shafin suka wajabta wa duk wanda ke gyara a matsayin wani ɓangare na aikin da ake biyansa ya bayyana wanda yake yi wa aiki. Kai jami'in hulɗa da jama'a ne, saboda haka wannan sharaɗi ya hau kanka kai tsaye.

Abu na farko, kada ka buɗe wani asusun a ɓoye, kada kuma ka sa abokan aikinka ko 'yan uwanka su buɗe su ci gaba da gogewa. Akwai masu gudanarwa da ke da izinin duba bayanan da ke bayan asusu, idan suka ga duk daga ofishi ɗaya ake shiga za su toshe ku baki ɗaya, kuma daga nan duk gaskiyar da kuka zo da ita za a riƙa kallonta da zargi. Ka koma shafin tattaunawa na asusunka, ka karanta saƙon da aka bar maka a tsanake, a cikinsa akwai yadda ake neman a buɗe asusu da yadda ake sauya suna. Ka faɗi cewa kai ma'aikacin kamfanin ne, ba ka san ƙa'idojin ba, ba za ka sake taɓa muƙalar da hannunka ba, za ka riƙa gabatar da buƙatunka a shafin tattaunawarta. Sunan da ke haɗe da naka da na kamfanin, wanda ke nuna mutum ɗaya ne, an yarda da shi.

Idan an buɗe ka, sai ka je shafin tattaunawa na muƙalar, wanda kowace muƙala take da shi a bayanta. Akwai wata alama ta musamman da masu alaƙa da kamfani ke sakawa don neman gyara, wadda ke jefa buƙatar cikin layin da editoci masu zaman kansu ke dubawa. A nan ne yawancin kamfanoni suke ɓata rawarsu da tsalle, sai su rubuta doguwar wasiƙa suna ba da tarihin kamfani da kyaututtukan da ya ci da yawan mutanen da yake ciyarwa. Ɗan sa-kai da ke da minti goma bayan ya taso aiki ba zai karanta wannan ba. Ka kwafo jimlar kamar yadda take, ka ce madogarar da aka liƙa mata ba ta ambaci rufewa ba, ka kawo ainihin kalmomin jaridar, sannan ka rubuta jimlar da kake ganin ta dace da abin da jaridar ta faɗa. Ƙa'idar shafin ita ce nauyin kawo hujja yana wuyan wanda ya saka magana, ba wanda ya nemi a cire ta ba, don haka ba sai kun tabbatar da cewa NAFDAC ba ta rufe ku ba. Ya isa ku nuna cewa babu madogarar da ta ce ta rufe ku. Layin buƙatun yakan yi tsawo, wani lokaci har makonni.

Maganar shugaban kamfanin kuwa hukuncinta daban ne, kuma ita ce za ka fi samun saurin nasara a kanta. A 2005 wani ya rubuta a muƙalar wani tsohon ɗan jarida na Amurka, John Seigenthaler, cewa an taɓa zarginsa da hannu a kisan shugaban Amurka John Kennedy da ɗan uwansa Robert. Ƙaryar ta shafe kusan wata huɗu a wurin kafin a gano, kuma abin kunyar da ya biyo baya shi ne ya haifar da tsattsaurar ƙa'ida a kan rayayyun mutane. A ƙarƙashinta, duk wata magana mai zubar da mutunci a kan mutumin da ke raye, idan ba ta da ingantacciyar madogara, cire ta ake yi nan take ba tare da jiran tattaunawa ba, ko da a cikin muƙalar kamfani aka saka ta. Da a ce ranar farko jimlar EFCC kaɗai ka cire, ka rubuta a akwatin dalili cewa zargin laifi ne a kan rayayyen mutum kuma madogarar ba ta faɗe shi ba, ina kyautata zaton ba wanda zai mayar da ita. Yanzu da kake a toshe, ka shiga shafin tuntuɓa na Wikipedia ka aika imel zuwa ga tawagar 'yan sa-kai da ke amsa koke-koke. Ka kuma roƙi a ɓoye wannan gyara daga tarihin muƙalar, domin gogewa kawai ba ta hana mai bincike ya ga tsohon rubutun. Masu gudanarwa suna da ikon ɓoye abin da ya kasance ɓata suna ne ƙarara.

Abu ɗaya nake roƙonka da girman Allah: kada ka rubuta a ko'ina cikin shafin cewa za ku kai wani kotu. Akwai ƙa'idar da ta ce duk wanda ya yi barazanar shari'a a toshe shi har sai ya janye barazanar ko shari'ar ta ƙare. Kana iya cewa maganar ƙarya ce kuma tana cutar da ku, wannan ba laifi ba ne.

Akwai kuma wata magana da na san ba za ta yi wa shugabanku daɗi ba. Labarin janye yogot ɗin gaskiya ne, jarida ta buga, don haka mai yiwuwa ne ya zauna a muƙalar. Abin da kuke da haƙƙin nema shi ne a faɗe shi yadda ya faru, a kuma ba shi gurbi daidai girmansa, jimla ɗaya ko biyu a cikin tarihin kamfanin, ba babban kanu na kansa ba.

Barista Ummu Salma, Wuse II

Malam Abu Hanifa, na yarda da kusan duk abin da Malam na Jos ya faɗa, amma kafin a ɓoye komai daga tarihin muƙalar akwai aikin da ya kamata ku yi yau ɗin nan, domin idan aka ɓoye, ku ma ba za ku sake ganinsa ba. Ku buɗe tarihin gyare-gyaren, ku nemo ainihin gyaran da ya shigo da ƙaryar, ku adana adireshinsa na dindindin, da rana da lokaci, da sunan asusun da ya yi shi, ku ɗauki hoton kowane shafi ku kuma buga shi a takarda. Mutum ɗaya ya yi wannan aiki a kan kwamfuta ɗaya, ya rubuta irin na'urar da ya yi amfani da ita, saboda sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar takardar shaida a kan yadda aka samar da duk hujjar da ta fito daga kwamfuta. Ku adana saƙon dilan nan na Jos yadda yake, da duk wata wasiƙa da ta nuna wani ya fasa ciniki ko ya jinkirta shi saboda maganar. Shari'o'i da yawa suna rushewa ne a wannan mataki, ba don mai ƙara ba shi da gaskiya ba.

Game da maka Wikipedia a kotu, shawarata ita ce ku sanyaya wa Alhaji, shugaban kamfaninku, zuciya. A Amurka, inda gidauniyar take, sashe na 230 na wata doka ta 1996 ya kare masu shafukan intanet daga ɗaukar alhakin abin da masu amfani da shafin suka rubuta. Ko da kun yi nasara a babbar kotun Abuja, wata dokar ta 2010 ta hana kotunan Amurka aiwatar da hukuncin ɓata suna na ƙasar waje idan bai dace da irin kariyar da suke bayarwa ba. Kamfanin dillancin labarai na ANI a Indiya ya gwada wannan hanya a 2024 a babbar kotun Delhi. Abin da ya biyo baya shi ne jaridun duniya suka yi ta maimaita ainihin kalmomin da kamfanin yake ƙorafi a kansu, har aka buɗe sabuwar muƙala a kan shari'ar kanta, kuma umarnin da kotun ta bayar na a sauke wannan muƙala, Kotun Ƙolin Indiya ta soke shi a watan Mayun 2025. Wannan kamfani ne mai ƙarfi da manyan lauyoyi a ƙasar da Wikipedia take da ɗimbin masu karatu. Garin neman gira kada a rasa ido.

Wanda doka ta ba ku dama a kansa shi ne marubucin. Kamfani yana iya shigar da ƙarar ɓata suna idan maganar ta taɓa mutuncin kasuwancinsa, shi ma shugaban yana da tasa ƙarar daban a kan zargin tsarewa. Matsalar ita ce gano mutumin. Zargin tsohon ma'aikaci zato ne, kuma idan kuka ambaci sunansa a bainar jama'a ba tare da hujja ba, ku ne za ku koma waɗanda ake ƙara. Gidauniyar ba ta miƙa bayanan mai asusu don lauya ya rubuto wasiƙa, sai da umarnin kotu da ta gamsu da shi, kuma irin waɗannan bayanai kwana 90 kawai take ajiye su. Kada kuma ku rubuta sunan wanda kuke zargi a cikin Wikipedia, domin tona asirin mai asusu yana daga cikin manyan laifuffuka a wurinsu.

Batun 'yan sanda kuwa, gaskiya ne sashe na 391 da na 392 na Penal Code da ake aiki da shi a Abuja sun mayar da ɓata suna laifi. Sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda aka fi amfani da shi a da, an taƙaita shi a gyaran 2024, yanzu ya fi karkata ga saƙon ƙarya da aka aika don tayar da tarzoma ko jefa rai cikin haɗari. Amma ni ba na ba kamfanin abinci shawarar bin wannan hanya. Duk mun ga abin da ya faru a 2023 lokacin da aka kama wata mata a Legas aka kawo ta Abuja saboda abin da ta rubuta a Facebook game da wani tumatirin gwangwani. Mutanen da ba su taɓa ganin rubutun nata ba sai da suka ji labari, har aka yi ta kiraye-kirayen a ƙaurace wa kayan. Mai sayar da abin da ake sha da amanar jama'a yake ciniki.

Inda wasiƙar lauya take da amfani sosai shi ne idan wasu shafukan labarai na cikin gida sun kwafi maganar. Su suna nan Najeriya, suna da adireshi, kuma yawancinsu suna sauke labari su ba da haƙuri idan aka nuna musu ba su da hujja.

Baba Ɗanjarida, Garki

Ɗana Abu Hanifa, wannan mai imel ɗin kada ku ba shi ko sisi, kada ma ku amsa masa. A watan Agustan 2015 Wikipedia ta toshe asusu 381 na wata ƙungiya da aka yi wa laƙabi da Orangemoody, waɗanda sana'arsu ke nan: su nemi ƙananan kamfanoni su karɓi kuɗi da sunan buga musu muƙala, daga baya su dawo suna neman kuɗin kariya na wata-wata. Babu editan da ke da ikon sayar da tsaron muƙala. Ku tura imel ɗin nasa ga waɗanda Malam na Jos ya ambata, su ma suna son ganin irinsa. Kuma yadda ya san halin da kuke ciki cikin kwana biyu ba abin mamaki ba ne, tunda tarihin muƙalar a buɗe yake, kowa ya ga asusu mai sunanku yana ta fama.

Sai dai ina da ɗan saɓani da yadda aka nuna kamar in an bi ƙa'ida komai zai tafi daidai. Na yi aikin jarida fiye da shekara talatin, na kuma san yadda labaran kamfanoninmu suke. Wikipedia da abin da aka buga take aiki, mu kuwa jaridunmu ba su cika rubutu a kan matsakaicin kamfani ba sai ranar da wani abu ya lalace, ko ranar da kamfanin ya biya kuɗin talla. Labarin da aka biya, editocin can sun iya gane shi, ba sa karɓarsa. Tsofaffin labarai kuma da yawa sun ɓace daga intanet duk lokacin da jarida ta sauya shafinta. Sakamakon haka, shekara goma sha biyar na aiki lafiya ba su bar wata alama ba, amma dare biyu na lalacewar ɗakin sanyi sun bari. Wannan ba adalci ba ne, kuma ba ɗan sa-kai da ke Kanada ko Ingila ne zai gyara muku shi ba.

Abin da zan ce ku yi shi ne ku buɗe ƙofa ga 'yan jarida na gaske. Idan wakilin sashen kasuwanci na Daily Trust ko Premium Times ko Aminiya ya zo yana rubutu a kan tsadar dizal ko wahalar samun madara daga makiyaya, ku bar shi ya shiga ya ga injinan, ya yi tambayar da ya ga dama, kada ku ba shi ambulan. Irin wannan rubutu shi ne gobe zai zama madogara.

Abu Hanifa, Idu, Abuja

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Barista, mun yi yadda kika ce tun daren jiya, mun kuma gano cewa asusun da ya yi rubutun bai taɓa gyara wata muƙala ba sai tamu, kuma ya yi wata biyar da saka maganar ba mu sani ba. Na aika imel ɗin, na kuma nemi a buɗe asusuna da sabon suna. Da yammacin yau na ga an cire jimlar EFCC, layin da ke ɗauke da ita a tarihi ma an soke shi, ba ya buɗuwa. Alhaji ya ɗan sauko, ya amince a dakatar da maganar 'yan sanda.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Jimlar NAFDAC tana nan, kuma wani sabon asusu ya ƙara mata madogara ta biyu, wani shafin labarai da ban taɓa jin sunansa ba, wanda ya rubuta cewa an rufe mu, kusan kalma bisa kalma da abin da ke muƙalar. Mun rubuta wa NAFDAC muna neman takardar da za ta nuna ba a taɓa rufe mu ba. Malam na Jos, idan takardar ta fito, zan iya ɗora ta a matsayin hujja?

Ɗan Tudun Jos

Alhamdu lillahi, rabin aikin ya tafi. Takardar tana da amfani a wurin dilalanku da manyan kantunan da kuke neman kwangilarsu, kuma Barista za ta so ta a fayil ɗinta, amma a muƙalar ba za ta zama madogara ba matuƙar a aljihun teburinku take, domin sharaɗin madogara shi ne ta zama abin da aka wallafa wanda kowane mai karatu zai iya zuwa ya duba da kansa. Idan hukumar ta saka bayanin a shafinta, ko wata jarida mai editoci ta tuntuɓe ta ta buga amsarta, to wannan ya zama hujja.

Amma ina ganin ba ma sai an kai can ba. Ka duba ranar da shafin nan ya buga labarinsa, ka gwada da ranar da aka saka jimlar a muƙalar. Tunda ka ce wata biyar ke nan, kuma kalmomin iri ɗaya ne, alamu sun nuna daga Wikipedia ya kwafa, yanzu kuma an dawo da shi a matsayin shaida a kan abin da shi kansa ya kwafa. Editoci sun san wannan zagaye sarai, kuma ƙa'ida ta hana kafa hujja da duk abin da ya samo asali daga Wikipedia. Ka jera ranakun biyu a buƙatarka, ka sa jimlolin biyu ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ka ƙara da cewa shafin ba shi da sunan edita ko adireshin ofishi idan haka ne. Ka kuma ambaci cewa sababbin asusu biyu, waɗanda ba su da wani aiki sai wannan muƙala, suna tura magana ɗaya. Kada ka ce ga wanda kake zargi, masu gudanarwa za su duba da kansu.

Idan aka cire aka sake dawowa da ita, sai ka nemi a sa wa muƙalar kariya ta wucin gadi. Mafi sauƙinta tana hana duk asusun da bai kai kwana 4 da gyara 10 ba taɓa muƙalar, kuma yawancin masu irin wannan ɓarna a nan suke gajiya. Ka saka muƙalar a jerin shafukan da kake sa wa ido, ka kunna sanarwa ta imel, don kada a sake yin wata biyar ba ku da labari. Ka kuma leƙa ko akwai muƙalar kamfanin a Wikipedia ta Hausa, domin muƙaloli da yawa a can fassara su ake yi daga ta Turanci, kuma gyaran da aka yi a ɗaya ba ya bin ɗayar. Idan akwai, ka rubuta a shafin tattaunawarta da Hausa, ka bayyana cewa kai ma'aikacin kamfanin ne kamar yadda ka yi a can. Ni ba zan taɓa muƙalarku da kaina ba tunda mun riga mun yi wannan magana, amma editocin Hausa ba su da yawa, kuma buƙata irin wannan ba ta daɗewa ba a gan ta ba.